Wata Bakwai a Bencin Horo

Mahaifina ne ke yi wa masu mulki addu'a a majami'armu ta Tudun Wada, tun ban iya ɗaura zane ba har na zama malamar makaranta. Kowace Lahadi, bayan mawaƙa sun zauna, kafin a karɓi baiko, wato kuɗin sadakar da ake tarawa, sai ya miƙe daga kujerar dattawa, ya gyara babbar riga, ya tsaya gaban bagade ya fara daga sama. Shugaban ƙasa, jama'a su ce amin. Gwamna, amin. Sarki, alƙalai, sojoji da 'yan sanda, hakimi, har ya gangaro kan mai unguwa, wanda duk mun san shi yana sayar da itace a bayan layinmu. Ba ya kiran sunan kowa, muƙami kawai, domin a cewarsa mutum yakan mutu ko a tsige shi, kujerar ce ta Allah. Kowa ya haddace jerin. Akwai tsofaffin matan da ke gyangyaɗi tun daga waƙar farko, amma amin ɗinsu ba ya kuskure wuri.

Baba tsohon masinja ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan a wani ofishin gwamnati, ya fito da imanin cewa duk wanda ke zaune bayan tebur Allah ne ya zaunar da shi. In rediyo ta ce shugaban ƙasa zai yi jawabi, sai ya shiga ɗaki ya sako hula. Yakan ce mai mulki nagari kyauta ce, mugu kuma bulala ce, duka biyun daga hannu ɗaya suke fitowa, kuma ɗan kirki ba ya riƙe bulala in ubansa na dukansa. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Tun ina sakandare nake ce masa, to ungozomomin nan da sarki ya ce su kashe jarirai suka ƙi fa? Annabawan da suka shiga fada suka nuna sarakuna da yatsa fa? Sai ya yi murmushi ya ce, "Uwata, su annabawa ne. Ke kuwa ko wanke-wanken safe ba ki gama ba." Uwata yake kirana domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, kuma da wannan kiran yake kashe kowace gardama. Ina ƙaunarsa, amma ina jin kunyar yadda yake rusunawa ko da ɗan sandan kan hanya ne ya ɗaga masa hannu.

A majami'armu akwai bencin horo. Shi ne na ƙarshe, dab da ƙofa, inda ake jingine lema da damina. Wanda dattawa suka samu da laifi can ake zaunar da shi: budurwar da ta yi ciki, magidancin da ya ƙara mata, mashayin da aka tsinto a kwata. Ba ya cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da ake raba wa masu bi, ba ya riƙe wani aiki, sai ranar da ya rubuta wasiƙar tuba, sakatare ya karanta ta a gaban jama'a, ya fito ya durƙusa, Fasto ya kama hannunsa ya ɗaga shi. In kuwa ajali ya riske shi a bencin, ba a shigar da gawarsa majami'a, Fasto ba ya sa rigar aiki, matan zumunta ba sa ɗaura zanensu, kuma ba waƙa. A haƙa rami, a yi gajeriyar addu'a, a watse. Baba yana cikin dattawan da suka riƙe wannan doka hannu bibbiyu. Da idona na ga ya ɗaga hannu aka tura wani matashin malami bencin, don kawai ya shiga zanga-zanga an gan shi riƙe da kwali.

Mutumin da ya jawo mana abin da zan faɗa ɗan majami'armu ne, ba baƙo ba ne, ba kuma mai wani addini daban ba, don kada mai karatu ya yi saurin ɗora laifi inda ya saba. Maraya ne, uwarsa na cikin matan zumunta, ya tashi yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Mahaifiyata, wadda ke soya doya da kifi a wata 'yar rumfa a bakin titi, ta ciyar da shi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, lokacin yana ɗalibi. Ya shiga siyasa, ya yi ta bin wani babba da jaka, har aka kafa wani kwamiti na share bakin tituna aka ba shi shugabanci. Daga ranar sunansa ya ɓace, kowa sai Ciyaman. Da aka yi sujadar godiya saboda muƙamin, mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dishe. Mu da ba mu da yawa a gari, abin da kowa ke faɗa shi ne yau namu ya shiga ciki. Ya sauya mana kwanon rufin majami'a gaba ɗaya. Dattawa suka ce a sa shi cikin addu'a, Baba ya yi kwana biyu yana tunanin inda ya dace, sannan ya sa shi bayan hakimi, kafin mai unguwa.

Wata Talata da hantsi ina cikin aji, a makarantar da nake koyarwa a Tudun Jukun, aka kira ni a waya. Alhajin da ke da shagon ɗinki kusa da rumfar Mama ne, kuma shi ya ba ni labarin daga baya, mutum ne da ba ya ƙara wa zance gishiri. Motar kwamiti ta tsaya, samari suka diro da gorori suna kifar da tebura. Mama tana da kasko cike da mai a kan wuta. Ta ce su yi mata haƙuri man ya huce ta kwashe da kanta. Ɗaya daga cikinsu ya sa ƙafa ya shuri murhun, man ya kwarara mata daga gwiwa har tafin ƙafa. Ciyaman yana tsaye, bai fi taku goma ba. Tana ƙasa ta gan shi, ta ce, "Ɗana, kai ne?" Ya ce, "Mama, an yi sanarwa a rediyo. Doka ba ta da uwa." Ya shiga mota suka yi gaba, domin akwai sauran rumfuna har unguwar Kwangila. Alhaji ne ya tare keke napep ya kai ta asibiti.

Sati shida ta yi a kwance. Ciyaman bai zo ba, ya aiko direbansa da katan ɗin lemo, na tsiyaye shi kwalba-kwalba a kwatar asibiti direban na kallo. Baba kuwa kullum yana kan kujerar roba a gefen gado, yana kore mata ƙuda da mafici. Ranar da ya fara ganin wankin ciwon, da aka ɗaye bandejin ya taho da fata, Mama ta cusa gefen zanenta a baki don kada ta yi ihu, na ga maficin ya faɗi daga hannunsa. Da muka fito baranda, maimakon in lallashe shi, sai na ce, "Baba, ita wannan bulalar, laifin wa aka daka da ita? Na Mama ko naka?" Ya dube ni kamar na mare shi. Na san mugunta ce tun kafin in rufe baki, kuma na ji daɗin faɗinta.

Lahadin da ta biyo ya tsaya gaban bagade kamar kullum. Ya bi jerin tiryan-tiryan har hakimi. Da ya zo gurbin Ciyaman sai ya yi shiru. Bakinsa ya buɗe, na ga maƙogwaronsa ya motsa, amma ba abin da ya fito. Tsofaffin matan nan masu gyangyaɗi suka zuba amin ɗinsu a kan shirun, sannan suka farka suna duban juna. Baba ya ce, "Mai unguwa," ya ƙarasa ya zauna. Uwar Ciyaman tana layin gaba cikin mata, ta sunkuyar da kai. Sati na biyu haka, na uku haka. Ba wanda bai gane ba, har yara.

Fasto ya zo gidanmu wata Alhamis da la'asar, bayan an sallamo Mama. Mutum ne mai sanyin murya, ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ni ina bakin ƙofar kicin ina tsince shinkafa, kunnena na wurinsu.

Ya ce, "Baba, kai ka koya mana cewa babu mulki sai wanda Allah ya yarda da shi. A bakinka na fara jin wannan tun kafin in tafi makarantar tauhidi."

Baba ya ce, "Haka ne, Fasto. Har gobe ban sauya ba. Ban zage shi ba, ban ce kowa ya ƙi bin doka ba."

"To ka yi masa addu'a mana, ko ta shiriya ce."

"Na gwada a ɗaki, ni kaɗai. Abin da ke fitowa daga zuciyata ba addu'a ba ce. Ba zan tsaya gaban bagade in yi wa Allah ƙarya ba."

Fasto ya yi ajiyar zuciya, sannan ya fito da abin da ya kawo shi. Katangar majami'armu ta gaba ta ci titi da kusan taku uku, kuma a satin nan an wayi gari an shafa mata jan fenti, irin wanda kwamiti ke shafa wa abin da za a rushe. In katangar ta tafi, ɗakin karatun yara ya tafi. Ya ce, "Baba, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Kalma ɗaya ce."

Nan na ajiye tiren shinkafa na fito. Na ce, "Baba Fasto, ka faɗi gaskiya kawai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun ci kwanon rufi, yanzu kuna neman wanda zai riƙe muku askar. Ƙafar uwata ta soyu kamar kifin da take sayarwa, ko sau ɗaya ba ka tsaya a kan mumbari ka ce an yi zalunci ba. In coci ba za ta iya ce wa ɗanta ka yi laifi ba, wa za ta ce wa?"

Baba ya daka mini tsawa in koma ciki. Fasto ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce a hankali, "Malama, ke kina da albashi da baki. Ni ina da mutum ɗari uku da katanga." Ya yi wa Mama sannu ya fita.

Dattawa suka zauna, suka same shi da riƙon zuciya da kawo rabuwa cikin ikkilisiya. Ciyaman kuwa ba wanda ya kira shi zama, domin an ce aikin hukuma ya yi, kuma ba ƙafarsa ce ta shuri murhun ba. Ranar Lahadi sakatare ya karanta hukuncin tsakanin sanarwar taron matasa da ta ɗaurin aure. Baba ya tashi daga kujerar dattawa, ya ɗauki littafin waƙoƙinsa da tabaransa, ya bi tsakiyar majami'a har ƙofa, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, takalminsa na ƙara a kan siminti. Ya sami wata yarinya mai tsohon ciki a bencin, ya ce mata ta ɗan matsa.

Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ranar ce na fi kowace rana alfahari da shi. Na taso na zauna kusa da shi, ya ce, "Uwata, koma wurinki. Nan na masu laifi ne." Na ɗauka baƙar magana yake yi wa dattawa. Na baza labari a ɗakin malamai cewa ubana ya tsaya wa azzalumi, ya zaɓi ya bi Allah a kan ya bi mutum. Na samu uban da na daɗe ina so. Na yi wata da watanni kafin in yarda cewa shi ba haka yake ganin kansa ba. Shi a wurinsa dattawa hukuma ce, hukuma ta yanke, kuma ta yi daidai. Bai taɓa fashin Lahadi ba. Ranar Jibin Ubangiji, in an ce waɗanda ke ƙarƙashin horo su fita, sai ya fita ya tsaya a rana kusa da 'yan acaɓa, hula a hannu, yana jin waƙar da ake yi a ciki yana motsa baki. In mun dawo gida ba ya cin abincin rana.

Cikin wata na biyar ƙafafunsa suka fara kumbura. Hawan jini ne da ya daɗe da shi ya taɓa ƙoda. Wani dattijo ɗan kudu mai kantin magani, wanda ya ɗaga hannu a kansa ranar hukunci, shi ke kawo masa magani da kansa, ya ajiye a bakin ƙofa ya gaisa a tsaye, ba ya iya haɗa ido da shi. Wata Asabar da safe Baba ya kira ni ɗakinsa. Mama na zaune a bakin gado, ta miƙe ƙafar a kan kujera 'yar tsugunne, domin tun da ta warke gwiwar ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya ce in kawo takarda da biro. Yanar ido ta hana shi rubutu, hannun ma ba ya tsayawa.

Ya ce, "Rubuta. Ni, bawan Allah mai zunubi, na riƙe ɗan'uwana a zuciya, na ƙi yin addu'a domin wanda Allah ya ɗora a kanmu. Ina roƙon ikkilisiya ta gafarta mini, ina roƙon Ciyaman ya gafarta mini."

Na ajiye biron. Na ce, "Shi ya gafarta maka? Baba, me ka yi masa? Wata biyar ka daure, yanzu da mutane suka fara jin kunya za ka je ka durƙusa a gabansa?"

Ya ce, "Uwata, jikin nan ba zai kai ni girbi ba. Ina tsoro. Ba na so in mutu a bakin ƙofa. Ina so in ci Jibi ko sau ɗaya ne, a shigar da ni ciki, a yi mini waƙa."

"To ƙafar Mama fa?"

Mama ce ta amsa, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Ƙafata ce, ba taki ba. Na yafe ko ban yafe ba, tsakanina da Allah ne. Kin isa da yawo da ita a gari kina nuna wa mutane. Ɗauki biro ki rubuta abin da ubanki ya ce."

Na rubuta. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya gyara wuri ɗaya, sannan na kama hannunsa na ɗora a inda zai sa hannu. Ya ce in kai wa sakatare a ranar, don dattawa su samu zama a kanta kafin wata Lahadin.

Na fita da niyyar kaiwa, wannan kam Allah ne shaida. Da na iso kwanar majami'a sai na ga motar Ciyaman a ƙofa. Ana yi wa katanga sabon farin fenti, jan tabon ya ɓace, shi da Fasto da sakatare suna tsaye suna dariya, yana nuna musu wani abu a waya. Ya yi ƙiba, wuyansa ya ninku a kan kwalar riga. Na tsaya a inuwar wani shago ina kallonsu, na hango ubana da kumburarrun ƙafafu yana durƙusawa a gaban wannan wuyan, jama'a na tafi. Na tura ambulan cikin jakata, tsakanin takardun jarrabawar ɗalibai, na tare acaɓa na koma gida. Baba ya ce, "Kin kai?" Na ce na kai.

Na gaya wa kaina sati ɗaya kawai zan riƙe ta, ko biyu. Na ce in suka ga yana ramewa a bencin, kunya za ta kama su, su zo da kansu su ɗauke shi, ya koma kujerarsa bai roƙi kowa ba. Wannan ita ce ƙaryar da na yi wa kaina. Gaskiyar ita ce ba na so a ƙwace mini jarumin uban da na samu, a maido mini da masinja. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ciyaman ya fi ƙarfina, dattawa sun fi ƙarfina, sai na huce a kan tsohon da ya yarda da ni.

Lahadi ta zo, ya sa farar rigarsa ta bukukuwa, ya sa Mama ta goge masa hula, domin ya ɗauka za a kira shi. Sakatare ya hau ya karanta sanarwa: gyaran rijiya, taron matan zumunta, wane zai auri wance. Ya rufe fayil ya sauka. Daga inda nake na waiwaya, na ga Baba ya riga ya dafa bencin gabansa zai miƙe, sai ya koma ya zauna a hankali. A hanya ya ce, "A hannun wa kika ba da ita?" Na ce sakatare. Ya ce, "To, dattawa suna da ayyuka da yawa."

Da wani ne, da ya tare sakatare a ƙofa ya tambaya, magana ta ƙare a nan, asirina ya tonu, ya samu abin da yake so. Amma Baba ya yi shekara talatin yana kai takardu ofis-ofis, ya san ƙaramin mutum ba ya tambayar manya ina aka kwana. Kuma wanda ke bencin horo ba ya matsa wa dattawa, jira yake yi. Mama ta ce bari ta je ta ga matar Fasto, ya hana ta, ya ce hakan neman alfarma ne ta bayan gida. Ladabin nan nasa da na raina tun ina yarinya, shi ya rufa mini asiri. Lahadi bakwai yana sa farar rigar nan. Biyun ƙarshe a keke muka kai shi, ni da direban muka riƙe shi har bencin. Kowace Asabar sai in ce gobe zan kai, kowace Lahadi sai in ga abin ya yi nisa, in na fito da ita yanzu me zan ce.

Bayan ta bakwai ɗin, muna dawowa cikin keke, ya ce, "Sun ƙi." Na kau da kai. Ya ce, "Suna da gaskiya. Wataƙila sun ga tuban bai kai zuci ba. Ni ma in na tuna ƙafar uwarki sai in ji abin yana nan." Ya juya yana kallon titi, hawaye na bin gemunsa. Jakar tana kan cinyata. Na ce masa ya yi haƙuri, wataƙila mako mai zuwa.

Ranar Alhamis da hantsi ya rasu, bayan ya sha koko cokali uku.

Kafin azahar gida ya cika, 'yan coci da maƙwabta, Alhaji mai ɗinki da mutanen layinsu suna zaune a ƙofar gida. Fasto ya zo cikin riga mai gajeren hannu, tun daga nan na san amsar. Ya shiga ɗakin Mama, aka ba mu wuri, mu uku. Mama ta ce, "Fasto, shekara hamsin yana share cocin nan tun tana ta jinka. Ku shigar da shi, ko minti biyar ne."

Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Mama, doka ce, kuma da hannunsa a cikin kafa ta. In na karya a kansa, me zan ce wa iyayen waɗanda aka binne a baya? Mun jira shi. Kowane zama sai na tambayi sakatare ko Baba ya aiko. Da layi biyu kawai ya rubuto, ko a kan gadon nan ne da na kawo masa Jibi da hannuna. Ko yanzu, da akwai wata shaida cewa ya nemi komowa, da na tsaya masa a gaban dattawa."

Mama ta juyo a hankali ta dube ni. Jakar tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, bai fi in miƙa hannu ba. Wasiƙar na ciki, da sa hannunsa, da ranar da aka rubuta ta. In na ciro ta, gobe a shigar da shi, a yi masa waƙa, mata su ɗaura zane, sannan duk Tudun Wada ta san abin da na yi wa ubana. Mama ta ba ni lokaci. Ta ba ni lokaci mai tsawo, har Fasto ya fara gyara zama. Na kafa idona a kan siminti. Daga ƙarshe ta ce, "To, Fasto. Allah ya ba mu haƙuri." Har yau ban tambaye ta me ya hana ta faɗa da bakinta ba, ita ma ba ta gaya mini ba.

Da ya fita ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Tana ina?" Na ciro ta, ta yi laushi, gefenta ya yi baƙi da tawadar jan biro. Ba ta karɓa ba. Ta dafa sandarta ta miƙe, ta ja ni zuwa ɗakin da aka shimfiɗe shi, ta kori matan da ke ciki. An rufe shi da farin zane, an ɗaure masa haɓa. Ta yaye zanen daga fuskarsa ta ce, "Wata biyu yana jiran ya ji an karanta ta. Karanta masa."

Na ce, "Mama, don Allah."

"A tsaye, kamar yadda sakatare ke yi. Da ƙarfi."

Na karanta. Ni, bawan Allah mai zunubi. Muryata ta sarƙe a wurin da yake roƙon Ciyaman gafara, ta ce in koma daga farko. Na koma. Da na kai ƙarshe ta mai da zanen, ta gyara shi a kafaɗunsa, ta ce, "Ajiye abarki. Ke za ki riƙe ta." Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, kuma har yanzu gida ɗaya muke, ni ke shafa mata mai a ƙafa.

Washegari muka kai shi maƙabarta kai tsaye daga gida. Motar ta bi ta gaban majami'a, ƙofa a rufe. Matan zumunta sun zo cikin kayan gida, suna tsaye cirko-cirko, wata ta fara waƙa ƙasa-ƙasa aka taɓa ta ta yi shiru. Fasto ya yi addu'ar da ba ta kai minti biyu ba, aka tura ƙasa. Muna juyowa, wasu samari daga ƙungiyar mawaƙa suka tare ni, ɗaya ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa cike da ƙwalla. Ya ce, "Malama, Baba ya koya mana abin da wa'azi bai koya mana ba. Ya mutu bai durƙusa wa azzalumi ba. Ba za mu manta ba." Mama na gefena, dafe da sanda. Ta tsaya, ta juyo tana jiran abin da zan ce. Na ce masa na gode.